Ƙarfe Ya Ce A Ƙara Dannawa

Akwai wani kafinta da ake yi wa laƙabi da Ƙarfe. Gwani ne a aikin rufin gida, kuma ba ya cin haƙƙin kowa. Sai dai yana da hali guda: gara masa komai ya same shi da a ji ya ce "wash". Ko guduma ce ta sami yatsarsa, dariya yake yi, ya ce gudumar ce ta ji jiki.

Yana da wani tsohon tsani da matakinsa na sama ya ruɓe. Matarsa ta yi magana har ta gaji, daga ƙarshe ta sa ya yi mata alkawarin ba zai ƙara hawansa ba. Wata rana da ba kowa a gida, ya hau don ya gyara kwanon ɗakin girki. Matakin ya ɓalle, ya faɗo a kan kafaɗarsa ta dama. Ya jima a ƙasa numfashi na neman gagararsa. Da ya samu ya miƙe, maimakon ya nufi asibiti, tsanin ya ja ya cusa bayan tarin katako.

Matar ta lura sa riga ma ya zame masa aiki.

"Baban yara, me ya sami hannun nan?"

"Gajiya ce kawai," in ji shi.

Sai ta roƙi ƙaninta ya kai shi gidan tausa. Wannan ƙanin nata abokin tsokanar Ƙarfe ne, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Duk abin da ya ji da safe, yayarsa za ta ji kafin yamma.

Mai tausar mutum ne mai sanyin murya. Ya zaunar da Ƙarfe a bakin gado, ya ce, "Tausa iri-iri ce, Malam. Akwai mai laushi da mai mai ɗumi, ta gajiya da rashin barci. Akwai wadda ake fara gasa wurin da tawul mai zafi, in jijiya ta sanƙare. Akwai kuma mai ƙarfi, har da gwiwar hannu, irin ta masu wasan motsa jiki. Amma kafin ka zaɓa, ka faɗi ne ko ka bugu kwanan nan? In akwai rauni ba na taɓawa, likita ne zai fara gani."

Ƙarfe ya saci kallon ƙanin matarsa, wanda ya jingina da ƙofa yana murmushi.

"Yaya, ko a yi maka ta jarirai?" in ji ƙanin.

"Ban faɗi ba, ban bugu ba," in ji Ƙarfe. "A yi mini mai ƙarfin."

Da ya cire riga, mai tausa ya ce yana ganin kafaɗar ta ɗan tasa. Ƙarfe ya ce haka take tun yana saurayi, aikin guduma ne. Mutumin ya fara a hankali, yana tambaya ko da zafi. Zafin kuwa har cikin ƙwaƙwalwa Ƙarfe yake jinsa, gumi na ɗiga a kan zanin gadon. Amma duk tambaya amsarsa ɗaya ce: "Ƙara dannawa." Aka ƙara. Can sai wani abu ya ce ƙas a cikin kafaɗar, Ƙarfe ya ƙwalla ƙarar da har masu jira a waje suka miƙe tsaye.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce ƙashin ya karye, zai yi watanni bai ɗaga guduma ba. Da ya tambayi abin da ya faru, Ƙarfe ya ce, "Tausa aka yi mini," ya ja bakinsa ya rufe.

Ƙanin matarsa bai tsaya wata-wata ba. Ya koma gidan tausa ya tara wa mutumin jama'a, ya kira shi mugu mai karya mutane. Mai gidan tausar ya sallami mai tausar daga aiki a ranar. Labari ya iso wa Ƙarfe yana kwance da hannu a rataye. Kunya ta rufe shi, amma ya kasa faɗin gaskiya.

Bayan 'yan kwanaki mai tausar ya zo dubiya. Ya rame. Ya durƙusa a gaban kujerar Ƙarfe, ya ce, "Malam, gafara na zo nema. Tun ranar nake tambayar kaina inda hannuna ya kuskure, na kasa ganowa. Ko ɗiyata ta ce in murza mata ƙafa, tsoro nake ji."

Matar tana bakin ƙofa tana ji. Ta juya ta fita. Sai ga ƙarar katako ana jan sa a ƙasa. Ta shigo da tsanin ta jingina shi a bango, ta ɗora ɓallallen matakin a cinyar mijinta.

"Shekaranjiya na gan shi ina shara," ta ce. "Na yi shiru ne ina jiran ka faɗa da bakinka. Kai kuma bawan Allah, tashi, ba kai ne mai durƙuso a ɗakin nan ba."

Ƙarfe ya so ƙasa ta tsage ya shige. Washegari, da hannu a rataye, ya je gidan tausa ya faɗi gaskiya a gaban mai gidan da ma'aikata. Aka mayar da mutumin bakin aikinsa. Ya yafe wa Ƙarfe, har ya riƙe masa ƙofa zai fita, abin da ya fi karayar yi wa Ƙarfe zafi. Kafaɗar ta warke, amma hannun bai ƙara wuce saitin kunnensa ba, kuma bai ƙara hawa rufi ba.

Darasin a fili yake. Ba da taurin rai ake zaɓen tausa ba, da gaskiyar abin da ke damun jiki ake zaɓenta. Mai gajiya ya nemi mai laushi, mai rauni ya fara ganin likita, wanda ya ji zafi kuma ya faɗa. Duk wanda ya ɓoye ciwonsa ga mai yi masa magani don gudun ƙaramar kunya, babba yake saya wa kansa, kuma sau da yawa marar laifi ne ke fara biyan kuɗinta.