Nano

Dokta Taufiƙ ɗan wani gidan 'yan kasuwa ne a Garoua ta arewacin Kamaru, amma tun yana ƙarami aka kai shi karatu waje. Ya dawo gwanin tiyata da na'ura mai hannuwan ƙarfe, wadda mutanen gari suke kira robo. Hannunsa kam ba a magana. Aibinsa ɗaya ne, gaggawa. Fulatancin da ko mai sayar da goro ya iya, shi bai ga amfanin koyonsa ba.

A asibitin da yake aiki akwai ƙa'ida: kafin a sa majinyaci barci, sai kowa ya tsaya, a sake duba hoto, a tabbatar da ɓangaren da za a yi wa aiki. Taufiƙ yakan kira wannan ɓata lokaci.

Wata rana aka kawo Alhaji Brahim, dattijo mai fataucin shanu daga Meiganga, wanda Fulatanci kawai yake ji. Ƙodarsa ɗaya ta lalace, za a cire. Taufiƙ ya ɗora hannu a kwiɓinsa na dama, ya ce, "Baba, nan ne?"

Dattijo ya ce, "Nano."

Taufiƙ ya dubi ma'aikaciyar jinya, ya ce, "Kin ji ko? Ya ce nan."

Yvette, ma'aikaciyar jinyar, 'yar kudu ce, ita ma ba ta jin yaren. Ta ce, "Dokta, mu duba hoton mana, ko a kira 'yarsa Habiba, tana bakin ƙofa."

"Ni da robo ba ma kuskure. A sa shi barci."

Aiki ya yi kyau ƙwarai, ko jinin kirki bai zuba ba. Sai washegari da fitsari ya ƙi zuwa aka ɗauko hoton. Lafiyayyar ƙodar aka cire.

Habiba ta tambayi mahaifinta abin da ya faru, sannan ta juyo tana hawaye. "Likita, ai ya faɗa maka. Nano da Fulatanci hagu ne."

Taufiƙ ya kasa ɗaga kai. Alhaji Brahim bai sake ganin kasuwar shanu ba, ya ƙare rayuwarsa a gadon wankin ƙoda. Har yau abin yana da ciwo, domin a lokacin Habiba tana bayan ƙofa kawai.

Darasi a nan shi ne, na'ura ba ta san dama da hagu ba, inda aka nuna mata take bi. Duk ƙwarewarka, ka tsaya ka tabbatar kafin ka taɓa jikin mutum, kuma kada ka amsa wa kanka da bakin wanda ba ka fahimta ba.