Hular Ayuba da Rumbun Intanet

A Talata Mafara akwai wani mahauci, Ayuba, mutumin kirki, sai dai taurin kai kamar tsohon jaki. Mahautan garin suna da ƙa'ida: duk san da aka saya, sai an ɗauki hotonsa tare da mai sayarwa, saboda kaucewa dabbar sata. Ayuba ne ke ɗaukar hotunan a wayarsa. Idan ya gama sai ya zare memori, ya cusa a naɗin hularsa.

Taubashiyarsa Adama, mai shagon kwamfuta a Bakura, ta sha ba shi shawara.

"Bawana, bari in buɗe ma rumbun intanet. Manyan kwamfutoci na can nesa suna aje komi wuri biyu, wuri ukku. Ko waya ta ɓace, hotunanka suna nan."

"Rumbun da ban ga ƙoharshi ba? Ke, baiwata, rumbuna yana bisa kaina!"

Adama ta fizge wayar da wasan taubasai, ta latsa abin da za ta latsa, ta mayar masa tana dariya.

Wata Talata, Safara'u matar Ayuba ta ga hular ta yi daƙal-daƙal da maiƙo. Ta jiƙa ta a ruwan zafi, ta dirje, ta kai aka buge ta a kan gungume. Memori ya zama gari.

A ranar kuma wani dattijo, Malam Sufyanu na Dosara, ya iso kara, kasuwar shanu, ya nuna jan sa da ke ɗaure a turken Ayuba.

"Wanga sa nau na! Sati biyu ke nan da sace shi."

Sarkin Fawa ya ce, "Ayuba, kawo hoto."

Ayuba ya shafa kai, ya ji sabuwar hula. In babu hoto, sunan ɓarawo zai bi shi har jikoki.

Aka kira Adama, ta zo a kan babur. Ashe ranar da ta fizge wayarsa ta haɗa ta da rumbun intanet. Ta buɗe rumbun a wayarta, jama'a suka yi cincirindo. Ashe rumbu ba ya zaɓe, komai ya ajiye. Ga Ayuba da baƙin tabarau. Ga shi ya jingina da motar da ba tasa ba. Ga shi yana turo baki yana gwada murmushi, har kala goma sha ɗaya. Sarkin Fawa ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Can sai ga san, Ayuba na riƙe da igiya, mai sayarwa a gefe, kwanan wata kuma ya nuna wata biyu da suka wuce. Malam Sufyanu ya ƙura ido, ya ce, "Nau bai kai haka girman ƙaho ba. Gahwarta mini, ɗana. Amma a maido min hotonka na tabarau in ƙara gani."

Tun ranar ake kiransa Ayuba Mai Tabarau, kuma yana amsawa.

Darasi a nan shi ne, abu mai muhimmanci kada a ajiye shi wuri ɗaya tak, ko da wurin a kanka yake. Kuma kada ka raina shawara don ta zo cikin wasa, ko don idonka bai ga inda abin yake ba.