Ranar da Lubabatu Ta Sa Na'ura Ta Warware Mata Adireshinta

Akwai wata mata a Cadawa mai suna Lubabatu, wadda ta rasa mijinta da wata tsohuwar gaba da take ji da ita, ta samu gonarta da sunanta a tsaye. Ku saurari yadda aka yi.

A shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, ƙungiyar manoman aya ta yankin Agye ta kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa buronta, wato ofishinta. Aka ɗauki wani mutum, Habibullahi, ya riƙa gina wa kowane manomi adireshi a ciki. Ba hoto, ba ado. Baƙin allo ne kawai, yana buga layi guda: sunan babbar na'urar da ke Maradi, sai gari, sai reshen da mutum yake ƙarƙashinsa, sai sunansa. Duk iri da takin da za a raba, ta hannun shugaban reshe suke bi.

Lubabatu ba ta iya karatu ba, sunanta kaɗai take ganewa. Amma a kasuwar Cadawa dillalai na ganinta suke gyara zama, don ba a taɓa yi mata wayo a ciniki ba.

Ranar da ta je buro, Habibullahi ya ce, "Inna, an gama naki. Ga shi nan."

Ta leƙa allon. "Wannan jerin tururuwar ne ni? Ban sayen kaya a ƙulle, ɗana. Kwance mini shi."

Ya yi dariya, ya buga umarni, na'ura ta rarraba layin gunduwa-gunduwa. Ya karanta: "Gida, Maradi. Gari, Cadawa. Reshe, gidan Mumuni. Suna, Lubabatu."

"Tsaya nan. Reshen wa?"

Mumuni ƙanen marigayi mijinta ne, yana ma zaune a bakin ƙofa. Ya ce, "Haba Yaya Luba, ai haka ake yi. Matar wana a gidana take. Ko so kike a ce mun yar da ke?"

"Kai da na goya ka kana majina? Yau takina ya bi ta hannunka, gobe a ce gonar ma ta gidan Mumuni ce. Habibu, cire ni."

Habibullahi ya ce, "Cirewa ba wuya, Inna. Amma suna ba ya rataye a iska, sai da reshe. Dokar ƙungiya kuma, mutum ɗaya ba ya zama reshe. Sai kin samo wani ya shiga ƙarƙashinki, kin kuma ɗauki nauyinsa."

"Wa ya rage?"

Ya tambayi na'ura ta fito da duk wanda ba shi da reshe a Cadawa. Suna ɗaya ta nuna: Shatu.

Shatu Bafulatana ce, ita ma mijinta ya rasu, rugarta na gefen gonar Lubabatu. Tun shekarar da shanunta suka faɗa cikin ayar gonar, Lubabatu ta rantse ba za ta ƙara gaishe ta ba, ta kuma kewaye gonar da ƙaya har bayan girbi.

Mumuni ya tuntsire da dariya. "To Yaya, ga reshenki nan. Ni dai ƙofata buɗe take."

Ba ta ko dube shi ba. Ta gyara lulluɓinta, ta kama hanyar ruga da ƙafarta, rana tsaka.

Ta tarar da Shatu tana wanke ƙwarya. Ta yi sallama. Shatu ta ɗago, ta ce:

"Jam dai, lafiya? Ko wata saniyar ce ta sake yi miki laifi?"

Lubabatu ta haɗiye maganar, ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta ɓoye cewa ita ke da buƙata ba.

Shatu ta ce, "Ni ma ina son takin. Amma sunana ba ya shiga ƙarƙashin wadda ba ta gaishe ni. Kuma ki cire ƙayar nan gaba ɗaya."

"Gaba ɗaya? Da damina ma? Ashe ba ki son zaman lafiya."

Suka ja, suka ja, kamar masu cinikin sa. Shatu ta tashi ta shiga bukka, Lubabatu ta yi kamar za ta tafi, amma kowacce ta dawo.

Da la'asar suka shigo buro tare. Habibullahi ya goge tsohon layi, ya gina sabo, ya karanta da ƙarfi: "Gari, Cadawa. Reshe, Lubabatu. Suna, Shatu." Mumuni ya sa hularsa, ya ce, "Allah Ya ba da sa'a," ya fice.

Habibullahi ya ce, "Inna, ke da ba a cin ribarki, mi kika bayar?"

Lubabatu ta ɗaga kai, ta ce, "Da damina ƙaya na nan daram. Bayan girbi in janye ta, shanunta su shiga su ci, su bar mini kashinsu. Gaisuwar safe kuma, ni zan riƙa farawa. Wannan ita ce mai tsadar, kuma na sallama."

Darasi: Kada ka amince da inda aka ajiye sunanka sai an warware maka ka ji da kunnenka. Kuma in kana son tsayuwa da ƙafarka, ka yarda ka sauke girman kai ga maƙwabcinka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai wata gaisuwar da ya daɗe yana riƙewa.