Rijiyar da Ba Ta da Suna

An ruwaito a littattafan mutanen da cewa a zamanin Sarki Hamidu na Birnin Dalma akwai wata al'ada: kowace rijiya da sunan wanda ya haƙa ta ake kiranta. Sunan kuwa ba ado ba ne. In rijiya ta ƙafe, mai suna zai yashe ta. In ruwanta ya cutar da wani, shi zai tsaya gaban alƙali. Wadda ba ta da suna cike ta ake yi, don ba a shan ruwan da babu mai amsa tambaya a kansa.

Wata shekara sai ga sabuwar rijiya a Zangon Ƙaya, inda mata ke yin tafiyar rabin yini kafin su sami ruwa. Baƙi ne suka haƙa ta, suka tafi ba su faɗi wanda ya aiko su ba. Aka yi ta yabon wannan bawan Allah da ya ɓoye alherinsa. Attajiran birni, duk wanda aka tambaya ko shi ne, sai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi.

Waziri Mamuda ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, doka ba ta san rijiya marar uba ba." Sarki ya sa aka yi shela: in mai rijiya bai bayyana ba kafin Juma'a, ya ɗauki yasarta da alhakinta, za a cike ta. Daga ranar murmushin attajirai ya ɗauke.

Mai rijiyar wani falke ne mai fataucin kanwa, sunansa Kailani, mutum mai tsoron riya ƙwarai. Ba wanda ya san asirin sai matarsa Kubura. Ta kawo masa tuwo, ta tarar ya yi tagumi.

Ta ce, "Maigida, gobe fa Juma'a."

Ya ce, "Na sani, Kubura. Don Allah na yi abin nan. In na faɗa, maroƙa su cika ƙofar gida, ladan ya zube. A cike ta ɗin, niyyata tana rubuce."

Ta ce, "Niyyarka za su zuba a tulu? Bari ka ji labarin da kakata ke ba mu. An ce wani malami ya ga jakin wata tsohuwa ya nutse a taɓo har ƙirji, a bakin kasuwa. Yana da igiya, yana da ƙarfi. Amma ya ga jama'a na kallo, ya ce in ya ja jakin nan yanzu za a ce malam mai tausayi ne, Shaiɗan ya sami shiga. Sai ya zauna gindin tsamiya yana jan carbi, yana jiran kasuwa ta watse. Da ta watse ya taso da tsarkakakkiyar niyyarsa, ya jawo mushe."

Kailani ya ce, "Tsohuwar fa?"

"Ta yi masa addu'a. Kakata ba ta taɓa yarda ta maimaita mana addu'ar ba."

Kailani bai ci tuwon ba. Washegari ya tafi fada, ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiyar Zangon Ƙaya ni na sa aka haƙa."

Waziri ya ce, "Da ka ɓoye, lada kake tsaro ko yasa kake gudu?"

Kailani ya ce, "Allah ya ja zamanin Waziri, da na ɗauka lada ne. Jiya aka nuna mini cewa na fi tausayin niyyata a kan masu ƙishirwa. Abin da ke ƙarƙashin wannan kuma, ni ma ban kai gindinsa ba. Wanda ya sani zai tambaye ni."

Sarki ya ce, "Zuciya ba ta cikin ƙasar da aka ba ni riƙo. Ruwa yana ciki. A sa wa rijiya sunansa. Kai kuma Kailani, wa ya nuna maka?"

Ya ce, "Iyalina, ranka ya daɗe."

Sarki ya sa aka kai wa Kubura saniya mai tatsa da turmin zane.

Yabon da Kailani ya ji tsoro bai yi yawan da zai halaka shi ba. Maroƙa sun zo sau ɗaya, suka ga hannunsa bai kai bakinsu sauri ba, suka wuce. Bayan haka ba mai zuwa sai mai ƙara: ruwa ya yi laka, bakin rijiya ya rufta, akuya ta faɗa. Shi kuwa ya ɗauki igiya ya tafi, har ya tsufa.

Masu ruwaya suka ce, wanda ya bar alheri don kada a gan shi, idon mutane yake wa aiki, kamar wanda ya yi don a gani. Ko an karɓi aikin Kailani, littafin bai faɗa ba, don mai littafin ma ba a sanar da shi ba. Allah ne masani.