Baƙon da Haladu ya kawo daga Japan

Akwai wani mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon Waziriyya, can Jidda, wajen shekarar 1976, ana kiransa Haladu. Bakinsa ya fi hannunsa kama ƙwallo. Ranar da 'yan Aziziyya suka zura masa biyar, Na'ibi kyaftin ya ce, "Halas, Haladu. Raga ba taka ba ce kuma."

A kamfanin da Haladu yake tuƙi akwai wani Bajapane mai gyaran injina, Hosoda. Larabcinsa guntu-guntu ne. Ya taɓa gaya wa Haladu cewa shekara goma sha biyu ya yi yana buga wa ƙungiyar kamfaninsu a Japan, da safe ma'aikata, da yamma fili.

Iyakar abin da Haladu ya ji ke nan. Sauran ya ƙarasa da kansa.

"Na'ibi, ka mayar da ni raga, in kawo maka gwarzon Japan kaf! Mutumin da in ya fito titi sai an tsayar da motoci!"

"Me gwarzo yake yi da sifana a Jidda?"

"Hutu yake, ya akhi. Suna ne ya ishe shi."

Kafin Juma'a labari ya kai kasuwar Bab Makka. Masu sayar da yadi har gardama suke kan ƙwallayen da ya ci.

Ranar ramuwa fili ya cika. Hosoda na saukowa daga mota jama'a suka ɗaga shi sama. Ya dinga waige, yana neman wanda ake yi wa ihu.

"Haladu-san, wa ya zo?"

"Kai mana!"

"Ni? A Japan maƙwabcina ma bai san ina ƙwallo ba. 'Yan kallonmu matata ce da abokan aiki."

Haladu ya juya ga jama'a: "Ya ce uku zai ci!"

Na'ibi ya mayar da Haladu raga, ya miƙa wa Hosoda riga mai lamba tara. Hosoda ya rusuna, ya mayar masa. Ya buɗe jaka, ya zaro safar hannu, ya nufi raga.

"Ina kuma za shi?" in ji Na'ibi.

"Gai da ni zai yi," in ji Haladu.

Ashe mai tsaron gida ne. Haladu bai taɓa tambaya ba.

Jama'a suka hau ihu, "Yalla, ɗan Japan! Haladu, fito!" Ya fito yana ta bayanin da ba mai saurare. Aka tashi Aziziyya ba su ci ko ɗaya ba. Har aikin Hosoda ya ƙare a Jidda, Haladu yana bakin layi riƙe da tulun ruwa.

Darasi: Kada ka yi cika baki da abin da ba ka bincika ba. Ƙaryar da ka yi don ɗaga kanka tana iya ɗaga wani ta bar ka a ƙasa. Ku tura wa Haladun unguwarku, ai kun san shi.