Kififiya da Idanun Ruwa Uku

"Ku matso kusa, yau bayana na ciwo, ba na son ɗaga murya. Ga ta nan, ga ta nanku, ta bakin ruwa ce."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

A can cikin wani daji, a gindin wani baƙin dutse, akwai idanun ruwa guda uku, kowanne da kwarminsa. Na farko sanyi ƙarara. Na biyu da ɗan ɗanɗanon kanwa, irin wanda barewa ke so. Na uku, babbansu, ɗumi gare shi rani da damina, kamar ruwan wanka da aka sauke ya ɗan huce. Duk dabbar da gaɓoɓinta suka yi tsami, nan take zuwa ta jiƙa su.

Asalin wurin kuwa, a shekarar wani mugun fari ne kakar Kififiya ta samo shi. Tana jan ciki a kan busasshiyar ƙasa, sai ta ji laima, ta tona, ruwa ya ɓullo. Amma ruwan yana fitowa ne da yashi, in aka ƙyale shi sai yashin ya toshe idon. Saboda haka aka kafa al'ada: duk wanda ya zo sha ko wanka, sai ya fara kwasar yashi tafi ɗaya daga bakin idon, ya kai bayan dutse ya zubar. Giwa ta kwasa da hancinta, Zomo da ɗan tafinsa, Zaki ma da yake sarki ba a ɗauke masa ba. Abin da ya rage can ƙasa, inda hannu ba ya kai, shi ne Kififiya ke nutsawa ta yashe. Ta gaji aikin daga uwarta, har ta tsufa tana yi, kuma bai taɓa fin ƙarfinta ba.

Ana nan, sai ga Gizo ya dawo daga yawon birni, da hula a karkace. Ya zarce fada ya faɗi gaban Zaki.

"Ranka ya daɗe, ƙauyanci ya yi mana katutu! A birni, wuri irin wannan gyara shi ake yi, a yi rumfuna, a yi kujeru, baƙi su zo daga nesa su shaƙata, sunan sarki ya kai ko'ina."

Zaki ya ce, "Sunan sarki ka ce?"

"Har bakin teku, ranka ya daɗe."

"To, je ka gyara."

Gaskiya Gizo ya gyara, ba zan ci amanarsa ba. Ya sa Gara suka gina matakala har cikin ruwa. Ya sa Birai suka kafa rumfunan zana, suka jera bencina a inuwa. Aka share hanya, aka yi makewayin maza daban na mata daban, aka yi ɗakunan saukar baƙi. Shi da kansa ya saƙa lilo a reshen tsamiya don yara. Matarsa Ƙoƙi kuwa ta kafa murhu ta shiga suyar ƙosai. Wuri ya yi kyau, kowa ya gani sai ya riƙe baki.

Rannan Gizo ya zaga bayan dutse, sai ya ga tulin yashin da aka yi shekara da shekaru ana zubarwa, fari tas, mai laushi.

Ya ce, "Kai! Wannan dukiya kuka ɓoye a bayan dutse? A kwaso shi a shimfiɗa a gangaren bakin ruwa, baƙi su riƙa kwanciya a kai suna shan hantsi."

Ɓauna da 'yan'uwanta suka yi kwana bakwai suna jido. Abin da kakanni suka fitar tafi-tafi, aka maido shi kwando-kwando. Da aka gama, Gizo ya hau benci ya yi shela: "Daga yau babu sauran kwasar yashi. Baƙo ya zo hutu a ce ya ɓata hannu? Abin kunya! Mu ma 'yan gida mu waye."

Kowa ya yi murna, don babu mai son durƙuso. Kififiya kaɗai ta dubi gangaren nan, ta dubi idanun ruwa a ƙasansa, ta san yashin nan cikin ruwa zai koma.

Baƙi suka yi ta zuwa, daga Raƙuman dawa har Jiminai. Duk wanda ya taka gangaren, yashi ya zubo cikin ruwa. Duk wanda ya yi birgima, ya zubo. Kififiya ta nutsa ta kwaso, ta fito, ta ja jiki zuwa bayan dutse, ta dawo ta tarar wanda ya zubo ya fi wanda ta fitar. Tun asuba har faɗuwar rana haka take. Kun san tafiyar Kififiya, zuwa ɗaya da dawowa sai a ci tuwo a wanke hannu.

Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta je ta sami Gizo a rumfar ƙosai.

"Gizo, na gaji. A maido da tafin yashi."

"Haba Inna! Ke da kike uwar wurin nan? Ƙoƙi, ɗauko mata sabon zane."

Aka ɗaura mata zane, aka tafa mata. Ta koma ruwa da zane, ya jiƙe ya ƙara mata nauyi. Kafin wata ya mutu, ido mai sanyi ya toshe. Gizo ya sa aka kafa rumfa a kansa, ya ce nan ne wurin cin abinci.

Ta sake komawa.

"Gizo, na gaji. Ido ɗaya ya tafi. A maido da tafin yashi."

"Haba Inna! Gajiya ce? Ai ga magani. Birai, ku kafa mata bencinta ita kaɗai a inuwar tsamiya."

Aka kafa benci, aka tafa mata. Ko sau ɗaya ba ta samu ta zauna a kai ba. Kafin wani wata ya mutu, ido mai kanwa ya toshe. Gizo ya sa aka baje wurin, ya ce nan ne filin kokawa.

Ta koma karo na uku, muryarta da ƙyar take fita.

"Gizo, na gaji. Saura ɗaya. Ba zane nake so ba, ba benci nake so ba, hannu nake so."

"Haba Inna! Ashe girma ne ba mu ba ki ba. Daga yau ke ce Magajiyar Ruwa. Duk abin da ya shafi ruwan nan yana hannunki."

Aka yi guɗa, aka buga ganga, kowa ya watse ya bar ta da sarautarta.

Ke Ladidi, daina dariya, abin tausayi ne. Tsohuwar nan ta ci gaba da nutso ita kaɗai. Faratanta suka ƙare, ƙafafunta na gaba suka dakushe, numfashinta ya gajarce. Wata rana da azahar ta fito da yashi, ta kai bayan dutse, a hanyar dawowa ta bi ta gaban bencin nan nata. Ta tsaya ta dube shi. Ta ce a ranta, bari dai in ɗan ɗora ƙirjina, numfashi uku kawai. Ta hau, inuwa ta lulluɓe ta, barci ya yi gaba da ita.

Kwana biyu tana barci, babu wanda ya tashe ta, don babu wanda ya lura ba ta cikin ruwa. A kwana biyun nan aka yi gasar kokawa, Ɓauna da Karkanda suka yi ta turjiya a gangare, yashi ya zubo gaba ɗaya. Da ta farka ta rarrafa bakin kwarmi, ba ta ga komai ba sai taɓo yana tsagewa. Ta zauna a wurin. Baƙin ciki ya cika ta, amma ko ƙarfin kuka ba ta da shi.

Gizo kuwa hankalinsa ya tashi, don washegari Zaki zai zo jiƙa bayansa da ke ciwo. Ya ce, "Ƙoƙi, tashi! Ruwa ai ruwa ne." Suka yini suna ɗebowa daga wani kogi mai nisa, tulu bayan tulu. Da gari ya waye suka rasa abin ɗumama shi, sai kaskon ƙosai. Suka yi ta ɗumamawa suna juyewa cikin kwarmi har ya ɗan taru.

Zaki ya iso da fadawa, ya bi matakala ya shiga, ya lumshe ido.

"Ash! Gizo, yau ruwan da santsi."

"Gyara ne, ranka ya daɗe."

Can Zaki ya shinshina. "Gizo, yau ruwan da ƙamshi."

"Gyara ne, ranka ya daɗe."

Can kuma ruwan ya huce, ya fara tsotsewa cikin yashi, har Zaki ya ga gwiwoyinsa a waje. Ya shafa gezarsa, sai ga guntun ƙosai a tafinsa, ƙudaje sun yanyame shi. Ya yi ruri har lilo ya kaɗa.

"Ina ruwan kakannina?"

Gizo ya yi tsalle ya koma bayan Ƙoƙi. "Ranka ya daɗe, ni rumfa da benci na sani. Ruwa yana da mai shi. A tambayi Magajiyar Ruwa, ita aka gani tana barci!"

Aka jawo Kififiya gaban sarki, da tsumman zanenta. Kura ta matso tana lasar baki.

Zaki ya ce, "Ke aka ba ruwa, kika kwanta barci?"

Ta ce, "Na kwanta, ranka ya daɗe."

"Kin san hukuncinki?"

"In kisa ne a yi, ko na samu in ƙarasa barcina. Amma tambaya ɗaya gare ni. Yaushe rabonka da kwasar tafin yashi?"

Zaki ya kau da kai. Ta juya wajen Giwa, Giwa ta sunkuyar da kai. Ta juya wajen Zomo, ya shiga sosa kunne.

Ta ce, "Sau uku na ce na gaji. Aka ba ni zane, aka ba ni benci, aka ba ni sarauta. Ku duba hannuwana." Ta ɗaga su, sun baje, babu farce ko ɗaya.

Kunya ta kama Zaki. Ya fito daga taɓo yana ɗigar mai, ya durƙusa, ya cika tafinsa da yashi, ya nufi bayan dutse. Da aka ga sarki ya durƙusa, kowa ya durƙusa. Suka yini suna tono a inda idon yake a da, suka kai har ga dutse, ba ko laima. Ruwan da aka toshe ya sauya hanya a ƙarƙashin ƙasa, kuma babu wanda ya san inda ya bi.

Zaki ya ce, "Inna, yaya za mu yi?"

Kififiya ta yi ajiyar zuciya. Ta kwance zanen ta yar, ta kifa cikinta a ƙasa kamar yadda kakarta ta yi, ta shiga ja. Ranar farko ta zaga gangare, ba ta ji komai ba. Rana ta biyu ta zaga filin kokawa da rumfar abinci, ba ta ji komai ba. Ƙishirwa ta fara kwantar da 'ya'yan barewa, baƙi duk sun gudu. Rana ta uku ƙarfinta ya ƙare, ta ja jiki zuwa inuwar tsamiya, ta shige ƙarƙashin bencinta ta kwanta. Sai ta ji ƙasa da ɗumi a cikinta.

Ta ce, "A tumɓuke bencin nan. Nan ne."

Giwa ta fizge benci ta jefar. Aka yi layi, kowa tafi ɗaya, kowa zuwa bayan dutse, har la'asar. Sai ƙasa ta yi duhu, sai ta yi laushi, sai ga ruwa siriri yana ɓullowa da ɗan tururinsa. Bai kai rabin na da ba. Mai sanyi da mai kanwa kuwa, an tona an tona, ba su dawo ba har yau.

Zaki ya ce, "Kowa ya ja baya. Inna, ke za ki fara sha."

Leɓunanta sun tsattsage don ƙishi. Ta matso bakin ruwa, ta dube shi. Sai ta sa hannuwan nan nata da suka baje, ta tattaro yashi, ta juya ta nufi bayan dutse a hankali. Zomo ya zabura ya ce, "Inna, kawo in kai miki!" Ta ce, "Kai naka." Duk dajin suka tsaya da ƙishinsu suna kallonta har ta je ta dawo, sannan ta sa baki ta sha.

Shi ya sa har yanzu in kun ga kififiya, ƙafafunta a baje suke, kuma takan hau dutse ta yi lamo a rana, gajiyar nan ce ba ta gama saki ba. Gizo kuwa tun da aka durƙusa ya haye tsamiya, yana can yana saƙa lilon da babu mai hawa.

To kun ji. Abin da kowa ke mora, kowa ya sa masa hannu. In kuka bar wa mutum ɗaya, ranar da ya gaji ku duka za ku rasa, kuma wanda ya ce ya gaji, taimako yake nema, ba kirari ba. Kai Tanko, da kake ce mini "sannu da aiki, Iya" kana wuce kwanukan tuwo a bakin rariya, da kai nake.

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya gaji ya shige rami. Ku miƙo mini hannu in tashi.