Gauraka da Sarkin da Ya Hana Dariya a Gidansa

An ce a garin Tudun Gamji an yi wani sarki mai suna Ilyasu, wanda ba abin da ya kai mahaifiyarsa Hajiya Ladidi daraja a wurinsa. Da ciwon daji ya kama ta, likitoci suka fara ƙara mata ruwan magani ta jijiya, wanda suke kira kemo. Maganin yana yaƙar cutar, amma yana wahalar da mai ita. Gashinta ya zube, abinci ya fita ranta.

Saboda tausayi, Sarki ya sa doka. Ya hana kiɗa a unguwa, ya hana jikoki shiga ɗakinta, ya ce kada a ji dariyar kowa a gidan. Tsohuwa kuwa ta juya fuska bango, ta daina magana.

Wata rana bayan la'asar Sarki yana zaune a lambu ya yi tagumi, sai wani tsohon gauraka da ya daɗe a gidan ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga kana neman gira, ina tsoron a rasa ido. In ka ba ni dama, in ba ka labarin Hashimu tela da matarsa."

Sarki ya ce, "Faɗi, ina jin ka."

Gauraka ya ce:

A wani gari da na taɓa sauka akwai wani tela Hashimu, da matarsa Tabawa mai tuyar masa. Tabawa mace ce mai barkwanci, har wasu kan zo sayen masa don hirarta kawai. Da sankarar mama ta kama ta aka fara yi mata kemo, sai Hashimu ya rikice. Ya ɓoye madubi don kada ta ga kanta, ya sallami ƙawayenta daga bakin ƙofa, ko tsintsiya ta ɗauka sai ya ƙwace. Duk wanda Hashimu ya haɗu da shi sai ya tambaye shi me ya kamata ta ci. Yau farfesun zabo, gobe nonon raƙumi. Tabawa ta kalla ta kau da kai.

Ranar wani ƙarin ruwa, Hashimu yana zaune a benci a asibiti kamar an aiko masa da mutuwa, sai ya ga wani dattijo, Baba Ɗangoggo, wanda shi ma matarsa ya kawo. Ta taga suke ta tsokanar juna da tsohuwar, tana kwance da allura a hannu tana ƙyalƙyala dariya.

Hashimu ya ce, "Baba, ku dai naku da sauƙi ke nan."

Dattijon ya ce, "Ina fa sauƙi, ɗana? Jiya kwana muka yi ina riƙe mata roba tana amai. Amma cuta ba mutuwa ba ce. Matso in ba ka labarin kunkuru."

Baba Ɗangoggo ya ce:

Matar kunkuru ce ta kwanta ciwo. Kunkuru ya toshe bakin rami don kada iska ta taɓa ta, ya fita neman shawara. Ya sami zaki, zaki ya ce ba abin da ke tada majinyaci kamar ɗanyen nama. Ya jawo nama da ƙyar, ta ƙi. Ya sami raƙumi, raƙumi ya ce ganyen ƙaya shi ne magana. Ya kawo, ta ƙi. Kura ta rantse masa da ƙashi, ya kawo, matar ta ja kanta cikin ƙoƙo. Da ya gaji, ya zauna yana kuka ya ce, "Na tambayi kowa a dajin nan, me kuma ya rage?"

Matar ta leƙo da kai ta ce, "Ni na rage. Buɗe ramin nan, ka kai ni bakin tafki in sha hantsi, in ji tsegumin kwaɗi."

Ya kai ta. Kafin rana ta take, da kanta ta miƙa wuya ta tsinki ciyawa.

Baba Ɗangoggo ya dafa kafaɗar Hashimu ya ce, "Kowa da cikinsa yake ba da shawara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Magani na likita ne, kada ku tsallake ko guda. Sauran kuwa, ka tambayi mai jikin."

Da suka koma gida, Hashimu ya zauna a bakin gado ya ce, "Tabawa, me kike so?"

Ta dube shi ta ce, "Malam, yau kuma wa ya ba ka wannan fatawa? To, ka daina kallona kamar an gama yi mini wanka za a sa a likkafani. Ka fito da madubina, na san inda ka ɓoye shi. Ka bar ƙawayena Kande da Uwale su shigo. Kuma kunun tsamiya nake so, mai sanyi."

Da ta ga kanta a madubi, hawaye ya zubo mata. Can ta share ta ce, "Ashe haka ƙeyata take? Shekara da shekaru ina biyan mai kitso, ashe ƙwarya nake wa ado." Hashimu ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ranar da aka faɗa musu cutar.

Ya koma kan kekensa ya tattara ƙyallayen da suka rage, ya ɗinka mata ɗankwali iri-iri, ja da ruwan ƙwai da shuɗi. Ƙawaye suka dawo, bisa sharaɗin likita: a wanke hannu, mai mura ta gaishe ta daga waje. Ranar da jiki ya ƙi, Hashimu ya zauna kusa da ita yana yi mata fifita. Ranar da ta ji ƙarfi, a ba ta shinkafa tana tsincewa tana gyara wa Kande ƙullun masa da baki. Haka har ruwan ya ƙare, likita ya ce sakamako ya yi kyau, sai dai a riƙa zuwa ana dubawa. Da damina ta zagayo, Tabawa ta koma gaban tandarta, masu saye na layi.

Gauraka ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, Hashimu bai fi ka son majinyacinsa ba. Ya dai riga ka tambaya ne, kuma matambayi ba ya ɓata."

Sarki ya miƙe ya sallami dogarai, ya shiga wurin mahaifiyarsa shi kaɗai. Ya durƙusa ya ce, "Inna, me kike so?"

Tsohuwa ta juyo a hankali. Da yake ɗan fari ne ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Mai gari, ashe ka tuna ina da baki. Turo mini 'yan jikokina su yi mini ɓarna. A ce wa maƙwabta su yi bikinsu, ina so in ji ko makaɗan yanzu sun iya. Kai kuma ka daina aiko da dogari yana tambayar jikina. Zauna nan ka ɓare mini lemo."

Sarki ya zauna a kan tabarma, ya ɗauki lemo ya fara ɓarewa, ruwan ya fantsama masa a ido. Tsohuwa ta tuntsire da dariya ta ce, "Dubi mai mulkin gari, lemo ya gagare shi."

Sarki yana murza ido, shi ma yana dariya, ya ce, "Na karɓi gyara, Inna. Miƙo wani in sake gwadawa."